Tsiron da Ba Ya Son Ƙasa

Tun da aka dawo da Hajiya Safara'u Gumel daga asibiti a Kano, da ƙarfe a ƙugunta na hagu, babu wanda ya sake samun sukuni a gidan. Santsin bakin famfo ne ya kwashe ta wata safiya tana shirin alwala. Bayan an yi mata aiki, likita ya ce ta zauna a ɗaki, ta riƙa ɗan takawa da sanda mai ƙafa huɗu daga gado zuwa bayi, kada ta wuce haka sai ƙashi ya kama.

Wannan umarni bai zo wa wadda ta saba da shi ba. Hajiya Safara'u ungozomar asibiti ce, ta yi aiki a Sule Tankarkar, ta yi a Maigatari, ta ƙare a Gumel. Ko bayan da ta yi ritaya ba ta wuni a gida. In ba ta gidan mai jego, tana gidan mara lafiya, in ba ta can, tana hanyar ƙauye. Yanzu ga ta a kan gado, bango a gabanta, bango a bayanta. Takan ce a buɗe taga, an buɗe ta ce haske ya yi yawa. Takan kunna rediyo ta kashe kafin mai labarai ya gama gaisuwa. Rabi, matar ɗanta Anas, ita ke kula da ita, kuma ciki ne da ita. Da wuya Rabi ta ɗora tukunya ta sauke ba a ƙwala mata kira daga ɗakin Hajiya ba.

Ana cikin haka Rayhana ta zo daga Abuja yin sallama. Ita ce autar Hajiya, wurin aikinta sun tura ta ƙaro karatu Malesiya. Ta shigo da wani kwali mai huji-huji a gefe, ta ajiye a bakin gado ta buɗe.

Hajiya ta leƙa. "Mene ne wannan? Kan abarba kika tsinto min?"

"Tsirrai ne, Umma. Nawa ne, a ɗakina suke. Ba ni da wanda zan bar wa su, shi ne na ce ki riƙe min amana."

Hajiya ta ɗauko ɗaya ta juya shi a tafin hannu. Ganyensa siriri ne, kalar toka-toka mai ɗan kore, da wani laushi kamar an barbaɗa masa gari. Akwai masu ganye miƙaƙƙe kamar allura, akwai wani babba mai ganye a nannaɗe. Babu tukunya, babu ƙasa, babu saiwar kirki.

"Ina tukwanensu?"

"Ba su da tukwane. Ba sa son ƙasa sam. Ta ganye suke sha, ta ganye suke ci. A ƙasashen da suka fito a jikin reshe da dutse suke rataye."

"Ikon Allah," in ji Hajiya. "To me ake musu?"

Rayhana ta zauna ta yi mata bayani. A tsoma su a roba cikin ruwa sau ɗaya a mako, su ɗan jima. A fito da su a girgije, a kife su a kan tsumma su bushe sarai kafin a mayar. A ajiye su inda akwai haske, amma kada rana ta doke su. Hajiya tana jinta da rabin kunne, don hankalinta na kan tafiyar. Tana tambaya wa zai tarye ta a can, da ko ta ɗauki yaji da kuka, da ko garin akwai masallaci kusa. Washegari Rayhana ta tafi.

Anas ya ga tsirran a zube a kan tebur ya ce bari ya gyara musu wuri. Ya samo guntun wayar wuta, ya feɗe robar, ya naɗe wasu daga cikinsu da jan ƙarfen ciki ya rataye a ƙarfen taga. Sauran aka jera su a faranti a kan akwati. Ɗakin ya yi kyau. Masu zuwa dubiya sukan tsaya su kalla, wasu su taɓa su ce ai na roba ne. Hajiya takan ce, "Na roba ina? Rai gare su." Ta sami abin faɗa, ta kuma sami abin kallo.

Sai bazara ta kankama. Zafin Gumel na wannan lokaci ba ya barin ko ƙarfen gado ya huce. In akwai wuta fanka tana juyawa wuni guda, iskar da take kaɗowa kamar daga bakin murhu. Wata safiya Hajiya ta lura bakin ganyen waɗanda ke taga ya soma komawa ruwan ƙasa, ya bushe yana kakkaryewa. Babban nan mai nannaɗaɗɗen ganye ya ƙara ƙanƙancewa, ya dunƙule kamar hannun jariri.

"Rabi! Rabi!"

Rabi ta shigo tana goge hannu a zani. "Na'am, Umma."

"Ƙishi suke ji. Kawo ruwa."

"Ai shekaranjiya aka tsoma su."

"Wanda ya ce mako-mako a Abuja yake zaune. Kawo ruwa."

Daga ranar aka koma tsoma su kullum. Rabi ta ɗebo ruwan bohol a roba, ta kawo, ta durƙusa ta ajiye a gaban gado, Hajiya ta zuba su ciki, in sun jima ta tsamo ta mayar da su faranti a zaune yadda suke, ruwa na ɗiga. Da rana kuma ta yayyafa musu da hannu daga kofinta. Zancen girgizawa da kifewa ya fita daga kanta gaba ɗaya.

Ba a daɗe ba ta soma jin wani ɗan wari in ta matsa kusa da farantin. Hancin da ya yi shekaru a ɗakin haihuwa ba ya kuskuren irin wannan. Ta ɗauki ɗaya ta ja ganyen tsakiya a hankali, sai ga shi ya zare gaba ɗaya, gindinsa baƙi, ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Ta ɗauki na kusa da shi, shi ma ya warwatse a hannunta.

Ta daɗe tana kallon ganyayen a cinyarta. Bakinsu a bushe, gindinsu a ruɓe. Ta rasa yadda abu ɗaya zai mutu da ƙishi ta sama, ya mutu da ruwa ta ƙasa. Ta ƙunshe su a leda ta tura ƙarƙashin filo, kamar akwai wanda zai kama ta.

Ranar nan ba ta ci abincin rana ba. Ta sa aka sauke na taga, ta sa aka mayar. Ta ce a matsar da akwatin kusa da ƙofa, aka matsar, ta ce a dawo da shi. Ta ɗauki waya za ta kira Rayhana, ta ajiye. Yarinya tana ƙasar mutane tana fama da karatu, a kira ta a ce mata me?

Ranar Laraba ƙaninta Dogo ya biyo. Manomi ne a Gagarawa Tasha, yakan kwana a Gumel in zai ci kasuwar Maigatari ta Alhamis. Ya shigo da ƙunshin yakuwa da 'yan tumatir, ya sunkuya don kada kansa ya bugi ƙofa, ya zauna a tabarma suka gaisa. Ya tambayi jiki, ta amsa a gajarce, ta tura masa farantin.

"Kai da ka san shuka, duba min waɗannan."

Dogo ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, ya shinshina, ya duba gindin. "Yaya, wa ya tuge su?"

"Ba a tuge su ba. Haka Rayhana ta kawo su. Wai iska suke ci."

Dogo ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Iska! Yaya, ko kauci da ba ya taɓa ƙasa sai ya sami bishiya ya kama yana tsotsa. Waɗannan yunwa ce ke kashe su. An yaudari yarinyar nan ne kawai."

"Ta ce kada a sa su a ƙasa."

"To ga shi ba a sa ba. Sun yi kyau?"

Dogo ya fita tsakar gida, ya samo gwangwanayen madara, ya huda gindinsu da ƙusa, ya cika da ƙasa mai laushi ya haɗa da ɗan takin awaki. Ya zaɓi uku masu sauran ƙarfi ya dasa, ya danna ƙasar da babban yatsa, ya zuba ruwa. Aiki ne mai tsabta, na mutumin da ya san hannunsa.

"Kafin in sake zagayowa za ki ga sabon ganye," in ji shi.

Kafin ya sake zagayowa ukun duk sun tafi. Gindinsu ya narke a cikin ƙasar, ganyen ya zube a bakin gwangwani. Waɗanda ke rataye a taga kuwa, duk inda jan ƙarfen ya taɓa ganye wurin ya yi baƙi kamar ƙuna. Sauran na faranti sun yi wani farin ɓawo a jiki, irin wanda ke taruwa a cikin butar shayi. Hajiya ta kankare da farce, ganyen ya ɗaye.

Daga nan abin ya zame mata ciwo na biyu. Da ta idar da sallar asuba, kafin ta sha koko, sai ta jawo farantin. Ta duba wannan, ta duba wancan, ta ajiye, ta sake ɗauka. In baƙi sun zo tana amsa gaisuwa idonta na kan taga. Rabi kuwa tana ta safa da marwa da roba: kawo ruwa, zubar da ruwa, sauke wannan, rataye wancan.

Wata safiya Rayhana ta kira da kiran bidiyo. A can yamma ta yi, ta fito daga aji, tana tafe a ƙarƙashin wasu bishiyoyi masu duhun ganye. Suka gaisa, ta tambayi ƙafa, ta tambayi Rabi da Yaya Anas. Sannan ta ce, "Umma, ina 'ya'yana?"

"Suna nan."

"Nuna min su mana."

Hajiya ta juya wayar, ta nuna farantin, ta nuna taga, ta nuna gwangwanayen da ba a kai ga zubarwa ba.

"Innalillahi," in ji Rayhana. Sai kuma ta tuntsire da dariya. "Wa ya dasa su? Kawu Dogo ne, wallahi na san Kawu Dogo ne."

"Dariya ma kike yi? Kin ba ni amana ta lalace a hannuna."

"Yi haƙuri, Umma. Matso da wayar in gani." Ta daina dariya ta duba sosai. "In kin tsamo su kina kife su?"

"Kife su?"

"Ki girgije ruwan, ki juya kansu ƙasa su bushe. In ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen shi ne yake ruɓar da su. Kuma kullum ya yi yawa. Da zafin nan ki yi sau biyu a mako, da safe, don su bushe kafin yamma."

"To bushewar baki fa?"

"Fanka ce da zafin taga. Ki ɗauke su daga saitin fanka. Wanda bakinsa ya bushe ki datse da almakashi, ba komai. Wancan mene ne aka ɗaure su da shi? Jan ƙarfe? Umma, guba ne a wurinsu, a kwance shi yanzu. A sa zare."

"Farin nan fa da ke jikinsu?"

"Wane ruwa ake sa musu?"

"Na bohol."

"Shi ne. Kanwar ruwan ce take toshe musu ganye, ta nan kuwa suke sha. Ruwan sama suka fi so. Kafin a yi ruwa ki riƙa sa musu na leda."

"Ruwan ledar da mutane ke sha zan jiƙa ciyawa da shi?"

"Kaɗan ne, Umma. Kuma don Allah kada ki sa abin a ranki. Ko duk sun mutu ba komai, ni dai..." Hoton ya tsaya, muryar ta kakkatse, layin ya yanke.

Hajiya ta ajiye wayar. Maganar ko duk sun mutu ba komai ta fi komai ɓata mata rai. Ta ƙwala wa Rabi kira, ta ce ta kawo almakashi da zare da tsumma mai tsabta da ruwan leda, ta kuma zo ta kwance na taga.

Rabi ta kawo kayan. Ta miƙa hannu ta kwance wayoyin ɗaya bayan ɗaya tana numfashi sama-sama. Da ta zo ajiye robar a gaban gado, sai ta dafa ƙarfen gadon ta runtse ido, ta jima a haka.

"Lafiya?" in ji Hajiya.

"Ba komai, Umma. Kaina ne ke ɗan sarawa."

Idon Hajiya ya sauka a ƙafafun Rabi. Silifas ɗinta sun nutse a cikin naman ƙafar, idon sawu ya ɓace. Ta dubi hannun da ke riƙe da ƙarfen gado, zoben azurfa ya shige cikin yatsa. Ta dubi fuskar, ta ga ta cika, fatar ido ta yi nauyi.

"Zauna nan. Miƙo ƙafarki."

Ta danna babban yatsa a ƙaurin Rabi ta ɗaga. Ramin ya tsaya bai ciko ba.

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Ciwon kan fa? Kina ganin wani haske-haske a idonki?"

"Wani lokaci."

"Kin je awo?"

Rabi ta sunkuyar da kai. "Na wancan makon ban samu zuwa ba. Ba wanda zan bar miki."

Hajiya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a baya. Yarinyar nan tana shiga ɗakin nan tana fita a gabanta wuni guda, tana durƙusawa da roba, ita kuwa idonta na kan ganye. Ta ce wa Rabi, "Buɗe akwatin can, a ƙasa akwai jakata ta aiki. Ɗauko min abin awon jini."

Ta naɗa wa Rabi a damtse, ta matsa, ta saurara, ta sake matsawa don ta tabbatar. Jinin ya hau sosai. Sannan ta ɗauki waya ta kira ɗanta a wurin aiki.

"Ka bar abin da kake yi ka zo da mota yanzu. A'a, ba ni ba ce. Ka zo dai."

A asibiti aka riƙe Rabi 'yan kwanaki har jinin ya sauka, aka sallamo ta da magani da sharaɗin kwanciya. Ba girki, ba ɗaukar ruwa, ba tsayuwa mai tsawo, kuma ta riƙa komawa awo a kai a kai. Wata gwaggonta ta zo daga Ɗanzomo ta karɓi girki. Hajiya ta ce a shimfiɗa wa Rabi katifa a ɗakinta da rana, inda za ta riƙa ganinta. Safe da yamma tana auna ta, tana duba ƙafa, tana tambaya ko ɗan ya motsa. In Rabi ta yunƙura za ta tashi, sai ta ji, "Ina za ki? Koma ki kwanta a gefen hagu."

"Umma, na gaji da kwanciya."

"Ni da na riga ki fa?"

Suka yi dariya su biyu, karo na farko tun da aka dawo daga Kano.

Tsirran da suka rage, su biyar, yanzu ba mai ɗaukar musu ruwa sai ita. Ba ta yarda ta ɗora wa gwaggon Rabi ba, baƙuwa ce kuma aiki ya yi mata yawa. Takan rataya ƙaramar roba a jikin sandarta, ta taka zuwa bakin ƙofa, ta zauna a kujera ta yi aikinta. Ta tsoma, ta jira, ta girgije, ta kife su a tsumma kamar an jera kofuna. Rabi daga katifa takan ce, "Wancan bai gama ɗiga ba," ko "Umma, babban kamar ya ɗan saki." Hajiya takan ce ita ma ta gani, ko da ba ta gani ba.

Duk da haka ɗakin ya yi musu zafi. Bakin ganye na ci gaba da bushewa, tana datsewa. Rabi ce ta kawo shawarar rumfa.

"Wurin randa ya fi ko'ina sanyi a gidan nan. Ƙasan kullum a jiƙe yake, kuma rana ba ta shiga, haske kawai."

Rumfar tana ƙetaren tsakar gida. Hajiya ba ta taka tsakar gidan ba tun ranar da ta faɗi a cikinsa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon simintin bakin famfo. Ta koma ta zauna. Ta sake tashi. Ta ce bari rana ta ɗan yi sanyi. Da la'asar ta zuba tsirran a robar, ta rataya, ta yi bisimilla ta fita. Ta zagaye famfon ta nesa, sanda gaba, ƙafa mai ciwo, sannan mai lafiya. Da ta isa ta dafa randa tana haki, sanyin randar ya ratsa hannunta. Ta ɗaure su da zare a jikin azarar rumfa, sama da randunan, ta ɗebi ruwa a moɗa ta sha a tsaye.

Da Anas ya dawo ya gan su a can, ya tambayi wa ya kai su. Aka gaya masa. Ya buɗe baki zai yi magana, Hajiya ta ce likita cewa ya yi sai ƙashi ya kama, kuma ita ta ji ya kama. A zuwansu Kano na gaba hoto ya nuna hakan ne, aka ce ta ƙara yawan tafiya.

Saura ruwan sama. Hadari ya soma haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, ya yi duhu, ya yi rugugi, iska ta watsa shi. Hajiya takan fito rumfa ta zauna tana kallon sama, ta koma ɗaki, ta sake fitowa. Ta kira Dogo ta tambaya ko an yi a wajensu.

"Ko ɗigo," in ji shi. "An ce an yi a Nijar. Yaya, ke da ba ki da gona, me ya dame ki da ruwa?"

"Ina ruwanka."

"Ciyawar nan ce? Ba su mutu ba har yanzu?"

"Naka dai da ka dasa sun mutu."

Dogo ya ce, "To, Allah ya kyauta. Ni ban taɓa ganin irinsa ba."

Ranar da ruwan ya zo, da hantsi ne, ba wanda ya zata. Gwaggon Rabi ta tafi cefane. Iska ta taso ta bugi ƙofofi, sai ƙamshin ƙasa, sai manyan ɗigo a kan kwanon rufi. Hajiya ta miƙe ta jawo sanda.

"Umma, ina za ki?" in ji Rabi. "Akwai santsi!"

"Kwanta abinki."

"A tara a indararo mana in Gwaggo ta dawo!"

"Na farko dattin rufi ne da tsatsa. A fili nake so."

Ta tura babban baho da ƙafar sanda har tsakiyar gida, nesa da bakin rufi, ta dawo ta tura roba biyu. Kafin ta gama ruwan ya sauko da ƙarfi. Ɗankwalinta ya jiƙe ya manne, zaninta ya yi nauyi. Rabi ta rarrafo bakin ƙofa tana kira, rabi faɗa rabi roƙo. Hajiya ba ta juya ɗaki ba, ta nufi rumfa, ta kwance tsirran ta ɗora su a kan turmin da ke kife a fili, ruwa na dukansu kai tsaye. Nan take tokar jikinsu ta koma kore shar. Ta tsaya a bakin rumfa tana kallonsu, ruwa na bin fuskarta, har Rabi ta ce in ba ta shigo ba ita ma za ta fito. Wannan ne ya shigo da ita.

Da aka ɗauke ruwan, ta koma ta girgije su ta kife. Ruwan bahon aka tace aka cika jarkoki aka rufe. Ta yi mura ta kwana biyu, Anas ya yi faɗa, ta saurare shi har ya gama.

Damina ta yi musu daɗi. Ɗaya daga cikin ƙananan bai farfaɗo ba, ɓawon ya riga ya cinye shi. Huɗun suka miƙe, babban ya warware ganyensa ya yi faɗi, wani kuma ya fitar da 'yan ƙanana biyu a gindinsa. Hajiya ta ɗauki hoto ta tura wa Rayhana, hoton ya fito a karkace da rabin randa a ciki.

Rabi ta haihu a asibiti ana tsakiyar noma, an ɗan janyo haihuwar kafin lokaci saboda jinin ya sake hawa. Hajiya na bakin ɗakin haihuwa da sanda guda, an ba ta kujera ta ƙi zama, tana kaiwa tana komowa, tana tare duk ma'aikaciyar da ta fito. Mace aka samu, ƙarama amma da ƙarfin kuka. Aka sa mata Muhsina.

Dogo ya zo suna da tunkiya da buhun gero. Bayan an watse ya tsaya a rumfa yana shan ruwa, kansa na gogar tsirran da ke rataye. Ya daɗe yana kallon mai 'ya'yan nan.

"Yaya, in waɗannan ƙananan sun yi ƙwari, a ba ni ɗaya. Mutanen garinmu sun ce ƙarya nake yi."

"Sai na tambayi mai su."

Ta tambaya, Rayhana ta ce a ba shi. Da suka kai girman da za a raba, Hajiya ta ɓalle ɗaya a hankali, ta zaunar da Dogo ta yi masa bayani tun daga farko, ta sa ya maimaita. Ya sa shi a aljihun gaban rigarsa ya tafi tasha.

Bai daɗe da fita ba ta tuna yadda ake cusa mutane a motar Gagarawa, kafaɗa a kan ƙirji, kaya a kan cinya, ga tsiron kuma a aljihun ƙirjinsa. Ta kira wayarsa, ba ta shiga ba. Ta sake kira. Ta ɗauki sanda ta fita har ƙofar gida ta leƙa titi, ko za ta ga wanda za ta aika tasha. Babu kowa sai awaki a gindin darbejiya. Tana tsaye tana danna wayar, Muhsina ta tsala kuka daga ɗakin Rabi.

"Rabi! Kin tashe ta ne? Kada ki ba ta nono a kwance, ga ni nan zuwa."

Ta juya ta koma ciki, wayar a kunnenta tana ta ƙara.